Rigar Shafin Intanet: Ta Kyauta, Ta Kanti, Ko A Kai Wa Tela?

Gwaggona tana da shagon shadda da leshi a Alabar, nan Kumasi. Bayan babbar sallar bara ta aika a kira ni, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, dubi na maƙwabciyata. Hotuna suna yawo da kansu, rubutu yana saukowa daga sama. Nawa kuwa ga shi nan zaune kamar allon makaranta. Ka canja mini irin wannan." Na karɓa na tsaya jiran shafin maƙwabciyar ya buɗe. Kafin hoton farko ya gama fitowa, mai waakye ta ƙofar shagon ta sallami mutum biyu har ta ba su canji. Na ce, "Gwaggo, wannan ɗin kike so?" Ta ce, "Shi fa."

Shafin nata da na maƙwabciyar duk a kan WordPress suke zaune, wato manhajar da ake gina shafukan intanet da ita. Injinsu ɗaya, riga ce ta bambanta. Masu wannan sana'a suna ce mata tim, ni kuwa rigar shafi nake kiranta tun da na lura abokan cinikina sun fi gane hakan. Ita ce tarin fayilolin da ke yanke launi, salon haruffa, inda hoto zai zauna, da yadda shafi zai lanƙwasa a fuskar waya. Rubuce-rubuce da farashi da sunayen kaya suna can cikin rumbun bayanai, ba ruwansu da riga. Tun 2005 WordPress ya raba abubuwan nan biyu, shekara biyu bayan Matt Mullenweg da Mike Little sun fito da shi, kuma wannan rabuwar ce ta sa mutum zai iya sauya kamannin shafinsa kaf da dannawa ɗaya. A ƙa'ida ke nan. A aikace, masu ɗinka riguna da yawa suna ɗinke kayan mutum a cikin aljihun rigar, ranar da ya tuɓe sai ya tarar kayansa sun bi ta. Akasarin abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake juyawa.

Hanyoyin da ke gaban mai shafi su ne ya ɗauki ta kyauta, ko ya sayi ta kanti, ko ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya gyara ta daidai jikinsa, ko a yanka masa sabuwa daga yadi. Kafin in ba kowa shawara, tambaya ɗaya nake yi masa: bayan wata shida, idan wani abu ya karkace a shafin, wa zai taɓa shi? In amsar ita ce "ni da kaina, da wayata", an riga an rufe ƙofa biyu daga cikin huɗun.

Ta kyauta tana da suna marar daɗi a wurin mutanenmu, don an saba cewa araha ba ta ado. A nan karin maganar ba ta faɗa daidai ba. Rigunan da ke rumbun WordPress.org dubbai ne, kuma ba a shigar da ko ɗaya sai masu dubawa sun bi ta. Cikin sharuɗɗansu akwai wanda ya fi mini komai amfani: riga ba ta da izinin ɗaukar aikin fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi don wani aiki na musamman. Ba za ta ƙirƙiri nata wurin ajiye kaya ko nata jerin ɗalibai ba. Saboda haka ranar da ka gaji da ita, ka tuɓe lafiya, kayanka suna inda ka bar su. Sabuntawa kuma tana zuwa ta cikin ɗakin sarrafa shafin, dannawa ɗaya.

A cikinsu akwai na gidan WordPress da ake sa wa sunan shekara, tun daga Twenty Ten har su Twenty Twenty-Four da Twenty Twenty-Five. Waɗannan ba su da kwalliya sosai, amma ba a yin watsi da su, har ta 2010 ɗin ana sabunta ta. Sannan akwai irin su Astra, GeneratePress, Kadence, Neve da Blocksy, waɗanda kamfanoni ke bayarwa kyauta suna sayar da ƙari. Astra ta haura shafuka miliyan ɗaya tun 2020. Mai sayar da kaya kuma yana da Storefront, wadda masu WooCommerce, fulogin ɗin da ke mayar da shafi shago, suka yi da kansu. Aibin ta kyauta guda biyu ne a ganina. Za ka je gyara wani ɗan abu, misali matsar da tambarin shago tsakiya a waya kawai, ka tarar da ɗan kwado a kan maɓallin ana nuna maka hanyar biya. Na biyu, in ba ka taɓa launi da haruffa ba, shafinka zai yi kama da na mutum dubu, kamar anko a gidan biki. Wannan na biyun aikin yini ɗaya ne ke maganinsa.

Ta kanti ita ce ke sace zuciya. Babbar kasuwarta ThemeForest ce, ta kamfanin Envato na Ostareliya, inda galibin rigunan WordPress ke tsakanin dala 40 da 70, kuma Avada ce ta fi kowace sayuwa a can. Kana shiga za ka ga samfuri: gidan abinci da hotuna kamar ka miƙa hannu ka ɗauka, shagon tufafi da 'yan kwalisa sanye da kaya. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne kyan samfurin rabinsa na hotunan ne, hotunan kuwa sau da yawa ba sa cikin cinikin. Ka zuba naka da aka ɗauka da waya a ƙarƙashin rumfar kasuwar Kejetia, wani a tsaye wani a kwance, sai rigar ta zauna maka kamar babbar rigar liman a jikin ɗan shekara goma.

Sai maganar kuɗin. Can ba a karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, sai katin banki mai biyan dala. Tsarin biya kuma iri biyu ne, ya kamata mutum ya san wanne ya shiga. Na ThemeForest sau ɗaya ake biya, lasisin na shafi ɗaya ne, ana ba ka sabuntawa muddin mai rigar yana yi, taimako kuwa na wata shida ne sai in ka ƙara kuɗi. Su Astra da GeneratePress da Kadence masu ƙari, da manhajar gina shafi ta Elementor Pro, galibi duk shekara ake sabunta biya. Wanda ya ga 2022 a nan Ghana ya san abin da hakan ke nufi: a farkon shekarar dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 13. Mutum bai ƙara komai a shafinsa ba, kuɗin rigarsa ya ninka. In ka daina biya rigar ba ta mutuwa nan take, sabuntawa ce ke tsayawa, daga nan kuma sai a hankali.

Babbar matsalar ta kanti dai ita ce wadda na ambata tun farko. Da yake ba sa ƙarƙashin sharuɗɗan WordPress.org, da yawansu suna zuwa da komai a cikinsu: wurin jera kaya, wurin shaidar abokan ciniki, hotuna masu zamewa, da maginin shafi, wato manhajar da ake tsara fuskar shafi da ita. Wasu maginan, irin su WPBakery, suna rubuta tsarin shafi da gajerun lambobi a cikin rubutunka. Ka kashe shi, sai ka ga labarinka ya cika da baka masu kusurwa da kalmomin da ba kai ka rubuta ba. Duk da haka ban ce a guje ta ba. Mai otal, mai sayar da filaye da gidaje, mai makarantar da ke son jadawalin darussa, in ya sami wadda aka ɗinka don irin aikinsa, dala 60 ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan biyan mai gini. Sai dai ya duba abu uku a shafin cinikin kafin ya ciro kati: ranar sabuntawa ta ƙarshe, ko mai rigar yana amsa koke-koken masu saye, da yawan fulogin ɗin da ta ce dole sai an saka. In sun kai takwas, goma, ni dai juyawa nake.

Akwai ta biyar da ban lissafa ba don ba hanya ba ce, rami ne. Ita ce rigar kuɗi da aka fasa kwadonta ake rabawa a banza ko a 'yan sidi kaɗan a zaurukan Telegram da WhatsApp. Na taɓa faɗawa. Shekarun baya, ina sabon hannu, wani ya tura mini ɗaya na ɗora wa shafin wata ƙungiyar matasa a Asawase. Wata uku lafiya lau. Ran nan sakataren ya kira ni da sassafe, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, mu da muke tara kuɗin marayu, me ya haɗa mu da caca?" Duk wanda ya neme su ta Google ya danna, sai a wuce da shi wani shafin caca. In kai tsaye ka rubuta adireshin kuwa ba ka ganin komai, shi ya sa mu masu shafin muka zama na ƙarshen sani. Kwana biyu na yi ina tonon fayiloli, daga baya na share komai na sake daga tushe. Masu kare wannan harka suna cewa ai lasisin GPL, wanda WordPress ke ƙarƙashinsa, ya halatta rabawa. Ko an yarda da haka, lasisi bai ce wanda ya miƙo maka bai cusa wani abu a ciki ba, kuma ba ka da hanyar sabuntawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ga gwajin da ba za ka gani a bidiyon Turawa masu koyar da wannan aiki ba, alhali mu shi ya fi shafa. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon haruffa ke da su ba. In babu, burauza tana aro daga wani salon, sai ka ga kalma kamar "ƙarfe" harafin farko siriri sauran masu kauri, ko ya ɗan yi sama kamar haƙorin da ya fita layi. A tsohuwar waya ma akwati ne fanko zai fito. Mu a Ghana abin ya ninka, don mai shago a Kumasi yakan sa 'yar kalmar Twi ya jawo masu saye, ga ɛ da ɔ, ga kuma alamar sidi, ₵, wadda ke gaban kowane farashi. Riga ta iya yin kyau a Turanci ta watse da zarar an sa mata "ɗinkin ƙwarai, ₵250".

Gwadawa ba ta buƙatar saye. Ka buɗe samfurin rigar, ka nemi akwatin bincike, ka rubuta wani abu kamar "Ƙofa Ɗaki Ɓera ƙwai ɗaya ɓawo ɔdɔ ɛyɛ ₵", ka danna. Yawancin riguna suna maimaita abin da ka nema a kan shafin sakamako da manyan haruffan kanun labari, nan za ka ga gaskiyarta. Kada a manta da manyan baƙaƙen, don riguna da yawa suna mayar da jerin maɓallan sama manyan haruffa da kansu, kuma akwai salon da ke da ƙ amma ba shi da Ƙ. Wani tarkon kuma: salon yana da haruffan, amma mai rigar ya ɗauko guntun fayil mai haruffan Turanci zalla don ya rage nauyi. A nan sai an ɗora cikakken da hannu.

Salon da ban taɓa jin kunya da su ba su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, waɗanda dama don harsuna irin namu aka yi su. Makarantar da ke sa aya ko hadisi tana da Amiri ko Noto Naskh Arabic, kuma ta tabbatar rigar ta san rubutun dama zuwa hagu, kada alamar tsayawa ta koma farkon layi. Mai rubuta ajami ya nemi Harmattan ko Alkalami, duka na SIL. Alkalami an zana shi ne a kan irin rubutun hannun Kano, dattijon da ya yi karatun allo yana gani zai gane. Wannan gwajin kaɗai yakan zubar da rabin rigunan da mutum ya zaɓo, kuma a nan ta kyauta mai barin ka sauya salon haruffa ta fi ta kanti mai taurin kai. Tun fitowar WordPress 6.5 a 2024, rigunan zamani suna da wurin ɗora salon haruffa kai tsaye ba tare da taɓa fayil ba.

Gwaji na biyu nauyi ne. Mai gina shafi yana zaune da kwamfuta da intanet mai ƙarfi a Adum, mai saye kuwa yana cikin trotro tsakanin Aboabo da Tafo da Tecno ko itel, datarsa ta sidi kaɗan ce yana lallaɓa ta. Google yana ɗaukar shafi a matsayin mai kyau in babban abin da ke fuskarsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma fuskar waya yake dubawa wajen jera sakamako. A saka adireshin samfurin a PageSpeed Insights, kyauta ne, a dubi ɓangaren waya. Ni nakan ƙara da nawa: in ari wayar yaron shago, in kashe Wi-Fi, in buɗe. Hotuna masu zamewa da Gwaggo ke sha'awa su ne kan gaba wajen cin data, don shafi yakan sauke hoto huɗu ko biyar manya alhali mai kallo na farkon kaɗai zai gani kafin ya gangara ƙasa.

Gyara ita ce hanyar da na fi tura mutane, amma tana da matakai, kuma mutane suna tsallake na ƙasa su faɗa na sama ba dalili. Sauya launi, tambari, salon haruffa da faɗin shafi duk ana yi daga ɗakin sarrafawa. In an ƙara da layi goma ko ashirin na CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, a akwatin da aka tanada, an gama da buƙatar mutum bakwai cikin goma da ke zuwa wurina, in ƙiyasta da ido. Kuskuren da kowane sabon hannu ke yi shi ne buɗe fayilolin rigar ya gyara a ciki. Yana aiki, har ranar da aka sabunta rigar, sabbin fayiloli su hau kan tsofaffi, aikin sati biyu ya tafi. Daga nan sai mutum ya tsorata ya daina sabuntawa gaba ɗaya, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira 'yar riga, ta asalin kuma uwa. Ni falmaran nake kwatanta ta da shi: ana ɗora shi a kan riga, a wanke rigar ko a sauya ta da sabuwa irinta, falmaran yana nan. Folda ce ƙarama mai fayil ɗin style.css, a samansa a rubuta layin Template da sunan foldar uwar, sai functions.php in ana buƙata. Duk fayil ɗin da kake son sauyawa ka kwafo shi daga uwar ka gyara a nan. Aikin minti goma ne. Sharaɗin kawai uwar ta zama mai rai, wadda ake kula da ita, don zanen aro ba ya rufe katara.

Daga Janairun 2022, da WordPress 5.9 da rigar Twenty Twenty-Two, wani sabon salo ya shigo: rigunan tubali. A cikinsu kan shafi da ƙafarsa da tsarin kowane labari duk tubala ne da kake ɗagawa ka ajiye da linzami, launuka da tazara kuma suna cikin fayil ɗaya mai suna theme.json. Twenty Twenty-Three ta zo da kamanni goma a cikinta, ka zaɓi wanda ka so. Akwai ma fulogin mai suna Create Block Theme da ke tattara gyare-gyarenka ya mayar da su riga mai zaman kanta, ka sauke ka ajiye. Wanda zai fara koyo yau, nan zan ce ya sa ƙarfinsa. Amma gaskiya ɗakin gyaran yana rikita wanda ya saba da tsohon tsari, kuma a waya wahala ce zalla, sai da kwamfuta.

Elementor fa? Shi ne abin da yawancin samarin da ke gina shafuka a Kumasi da Akra suka iya, tun fitowarsa a 2016, kuma ba laifi: abin da ka ja ka ajiye shi za ka gani. Ana haɗa shi da riga marar komai irin Hello, sai ya zama shi ne rigar. Yana da kyau ga shafi mai fuska biyar ko shida da ba a cika taɓawa ba, kamar na kamfanin tafiya Hajji da Umara ko asibitin unguwa. Ga mai rubutu kullum kuwa nauyi ne ba riba, kuma duk fuskar da aka gina da shi ta zama tasa: ka cire shi, rubutu zai tsira amma tsarin ya rushe.

Saura yanka daga yadi. Abin mamaki, farawa ba wuya: fayil biyu, style.css da index.php, sun isa WordPress ya karɓi folda a matsayin riga. A sabon salo kuma style.css da index.html a cikin foldar templates. Rigar da za a iya fita da ita kasuwa dai tana son kai da ƙafa, fuskar labari ɗaya, fuskar jeri, fuskar bincike, da fuskar "ba a samu ba", kuma mai yin ta ya san HTML da CSS da ɗan PHP, yarukan kwamfutar da ake rubuta riga da su. Ɗalibin da ke son koyo ya sa Local ko XAMPP a kwamfutarsa, WordPress zai yi aiki ba intanet, ko an ɗauke wuta yana da sauran batir yana aikinsa. Ribarta a fili take: ba ta ɗauke da ko layi ɗaya da ba ka buƙata, saboda haka ba wadda ta kai ta sauri, kuma ba mai irinta.

Tsadarta ba a ranar biya take ba. WordPress yana fitar da manyan sabuntawa sau biyu ko uku a yawancin shekaru. PHP 8 da ya fito a ƙarshen 2020 ya cire wasu tsofaffin umarni, riguna da yawa da aka bari ba kulawa suka mutu ranar da masu masaukin shafi, wato kamfanonin da ke ajiye shi a intanet, suka ɗaga nasu. WooCommerce ma yana sauya fayilolinsa, rigar da ta kwafe su sai an bi ta ana daidaitawa. Rigar Astra tana da ma'aikata masu wannan aikin, taka kuwa mutum ɗaya ne ya san cikinta. Mutumin nan sau da yawa ɗalibi ne a Tech, wato KNUST, mai hannu ƙwarai, wanda baɗi zai tafi bautar ƙasa a wani yanki ko ya sami hanyar waje ya sauya lamba. Na gaji shafuka irin wannan fiye da sau ɗaya, kuma karanta aikin wani da bai bar bayani ba ya fi sake sabo wuya. In dai sai an yi, to a yi yarjejeniya a rubuce: sunan shafin da masaukinsa su kasance da sunanka da imel ɗinka, a ba ka kwafin rigar a hannu, duk wani aiki da ba na kamanni ba a sa shi a fulogin daban, kuma a faɗi nawa ne kulawa duk shekara. Wanda ya cancanci wannan hanya shi ne gidan rediyo ko jarida mai masu karatu da yawa, ko kamfanin da ke da ma'aikacin kwamfuta a kan albashi.

Ranar canja riga kuma tana da nata ladabi. A ɗauki kwafin shafin gaba ɗaya, fayiloli da rumbun bayanai, a ajiye a wani wuri. A kwafe CSS ɗin da aka ƙara, don WordPress yana ajiye shi da sunan rigar da aka rubuta shi a ciki, sabuwar ba za ta gan shi ba. Haka lambar ƙidayar baƙi ta Google in a cikin rigar aka manna ta. Bayan an canja, jerin maɓallan sama yakan ɓace, ba gogewa ya yi ba, sai an sake nuna masa mazauni. Ƙananan akwatunan gefe sukan koma ma'ajiyar waɗanda ba sa aiki. Hotuna kan fito a miƙe ko a yanke saboda kowace riga da ma'auninta, fulogin ɗin Regenerate Thumbnails yana sake yanka su. A fara da duban gwaji kafin a kunna, in masaukin yana ba da shafin gwaji a yi a can. Kuma don Allah kada a yi wannan aiki ana saura kwana uku sallah, lokacin da ciniki ya fi zafi. A bari sai an sha ruwa da sati biyu.

Da na jera wa Gwaggo wannan duka a taƙaice, sai ta ce, "Ni dai ka faɗa mini wanne." Ga abin da nake faɗa wa irinta. Mai shagon da zai riƙa sa kaya da kansa ta waya: ta kyauta mai sauƙi, Storefront ko Kadence ko Astra, da WooCommerce, a haɗa Paystack don karɓar MoMo, kuɗin da za a kashe a riga a ba mai ɗaukar hoto. Makarantar islamiyya ko masallaci: rigar tubali ta gidan WordPress, a ɓata lokacin a kan haruffan Hausa da Larabci. Matashi mai kawo labaran zango ko na ƙwallo kullum: GeneratePress ko makamanciyarta da 'yar riga a kai, ya nisanci maginin shafi. Mai otal ko dillalin gidaje: ta kanti, bayan gwajin haruffa da na waya.

Nata Kadence muka ɗora, ta kyauta, da Noto Sans, launin ruwan goro kamar allon shagonta. Na sa adireshin GhanaPost GPS a ƙasa, da koren maɓallin WhatsApp babba wanda yatsa ba zai kuskure ba, don na san a can cinikin zai ƙare ko da an ga farashi. Muka shimfiɗa farin yadi a bayan shagon da hantsi, jikanta ya ɗauki kowace shadda a tsaye, nisa ɗaya, haske ɗaya. Hotuna masu yawo kuwa mun yi ciniki: ta nemi biyar, na ce ko ɗaya, muka tsaya a kan hoto guda babba da take sauyawa duk Juma'a. Har yau in na biya ta Alabar sai ta ɗaga wayar ta ce, "Na maƙwabciyata fa har yanzu yana motsi," sannan ta tura yaro ya sayo mini koko da ƙosai.